Kumfar da Maikano ya gani a tiyo

Maikano ɗan Dumega ne, shekara tara yana tsaron injin ban-ruwa a garkar Alhaji Salman. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya san kukan injin nan kamar tarin 'yarsa Sahura.

Da bazara ruwan rijiya ya ja baya, kukan injin ya sake, ya koma kamar ana niƙa tsakuwa. Maikano ya durƙusa ya duba tiyon da ke zuƙo ruwan, na roba ne mai taushi, ana hango cikinsa. Sai ya ga ƙananan kumfa na tasowa a tsakiyar ruwan suna fashewa. Ya shafa tiyon daga kai har gindi, babu huda, babu inda iska ke shiga.

Ya gaya wa Alhaji cewa ruwa ya yi nisa, injin na ja fiye da ƙima, kumfar nan kuwa cin farfelar cikin injin take. Ya roƙa a sauke injin kusa da ruwa, ko a bar shi ya riƙa hutawa. Alhaji ya yi dariya a gaban baƙinsa, ya tambaye shi yaushe kumfa ta yi haƙora. Albasa na son ruwa, in ji shi, a ci gaba.

Bayan kwana ashirin injin ya tsaya. Aka buɗe, ga farfela duk ramuka kamar gara ta ci. Alhaji ya ce yashi Maikano ya zuba don a gaskata maganarsa. Ya sa 'ya'yansa biyu, manyan ƙarti, suka ɗaure Maikano a gindin mangwaro, suka yanki tiyon suka yi ta zabga masa. Sahura ta zo da furarsa ta tarar ana yi, ta tsaya da ƙwarya a ka.

"Ku mai da ta gida tukuna," abin da Maikano ya ce ke nan.

Ba su mai da ta ba.

Kunnen Maikano na hagu bai ƙara ji ba. Kafin damina sabon injin Alhaji ya mutu irin mutuwar na farko, makaniken da aka ɗauko daga Dogon Dutsi ya faɗi abin da Maikano ya faɗa. Alhaji ya yaba wa ilimin makaniken, ya ba shi buhun albasa.

Maikano yanzu dako yake a kasuwar Kore Mairuwa. A Dumega har yau masu garka na gargaɗin juna kada a bar shi kusa da inji.