Ta Yi Nisa

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, ni kuma dama ba mai yawan magana ba ce. Amma akwai abin da na riƙe tun 1998, yau zan faɗa.

Ina aji biyar a sakandaren kwana a Gusau. Da ciwon maƙogwaro ya fara, sai gaɓoɓi. Daga baya ko bokiti na ɗauko daga famfo sai na tsaya ina haki. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga.

Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Sai da na faɗi a aji aka aika garinmu Nahuce aka kira Baba.

A asibiti kullum ɗiban jini, hoton ƙirji, ƙwayar sa fitsari, abinci ba gishiri. Likita ya ce wata ƙofa a zuciyata ta lalace, sai an yi aiki, kuma ba a ƙasar nan ba. Baba ya kai shanunsa kasuwar Tsafe. Gonar fadama ta bi bayansu.

Wata rana da hantsi, idona a rufe, na jiyo su a bakin ƙofa.

"Malam, ta yi nisa," in ji likita. "Ta yi nisa ƙwarai."

Baba ya ce, "To, Allah shi kyauta."

A wajenmu idan aka ce mara lafiya ya yi nisa, an san abin da ya rage. Haka aka ce wa kakata, ba a yi mako ba aka yi mata sutura.

Ban tambayi kowa ba. Na daina haɗiye magani, ina cusa shi cikin matashin kai. Na ba ƙanwata 'yan kunnena. Numfashi ya ƙara tsukewa, sai a zaune nake barci.

Inna ce ta kakkaɓe shimfiɗa, ƙwayoyin suka zubo.

"Ke Saratu, mi nike gani haka?"

Na ce, "Ai likita ya ce na yi nisa."

Ta fita ko mayafi ba ta gyara ba, ta dawo da likitan.

"'Yata, Bombay nake nufi," in ji shi. "Can babanki ya so kai ki. Daga Kano sai an sauka wata ƙasa an sake jirgi, zuciyarki ba za ta ɗauka ba. Alƙahira na zaɓa miki, ko awa biyar ba ta cika ba."

Bai yi dariya ba. Ya ɗora abin awo a ƙirjina, ya daɗe yana saurare.

"Amma da wannan abin da kika yi, ita ma Alƙahirar ta ƙara nisa."

Makonni aka yi ana janye ruwan jikina kafin ya sa hannu a takardar tafiya. Ina kwance ina auna tsakanin Kano da Alƙahira a taswirar makaranta da zaren gyalena. Bai kai tsawon yatsana ba.

A jirgi kuwa, muna tsakiyar hamada, leɓɓana suka yi baƙi. Aka ɗaura mini iska a hanci. Carbin Baba kawai nake ji.

Mun sauka da raina. An yi aikin, an sa mini ƙofar ƙarfe a zuciya. Har yau idan ɗaki ya yi shiru ina jin ƙofar ƙarfen tana bugawa kamar agogo.

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Inna da likitan nan da alheri.

Don Allah, idan yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Kada ku yi magana a kan mara lafiya don ya rufe ido, yana jin ku.

Ke kuma mai kunya irina, idan kin ji an ce "ta yi nisa", buɗe ido ki ce, "Wa?"