Yara Biyar Da Na Kashe Da Biro

Shekaru sun ɗan tura, na yi aiki a asibitoci uku kafin a dawo da ni nan gida Kalgo, amma har yau ban iya mantawa da wata Laraba da na yi a Malisa ba. Tun da kun ce in ba ku labari kafin ku fita ƙirgar bana, to ku gyara zama. Kuskuren nawa ne, ba na wani ba.

Lokacin ina sabuwar fita daga makarantar koyon aikin lafiya, ƙaramar ma'aikaciyar lafiyar al'umma, wato matakin da babu na ƙasa da shi. Aka tura ni wani ɗan asibiti mai ɗaki uku a yankin Malisa, cikin ƙaramar hukumar Gwandu. Mai kula da asibitin Sista Rifkatu ce, mutuniyar Zuru, wadda ta daɗe a wurin har babu gidan da ba ta san inda randarsa take ba. Ni kuwa auta ce a gidanmu, jakata ba ta rabuwa da littafin soyayya. Idan na ga mace ta yi tagumi a kan benci, kafin layi ya zo kanta na riga na tsara mata labari, tun daga ranar da suka haɗa ido da mijin a bakin rijiya har zuwa abin da ya shiga tsakaninsu. Sista takan ce, "Abu, auna zafin jikinta tukuna, labarin ya biyo baya."

Ga wanda bai san aikin ba, kafin damina ta faɗi akan bi gida-gida a rubuta yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da wannan takarda ake aiko da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba yara wata-wata har ruwa ya ɗauke. Iya sunayen da aka rubuta, iya maganin da zai zo. A takardar da aka ba mu a shekarar akwai gurbi uku a gaban sunan kowace uwa: haihuwa nawa ta yi, nawa ke raye, nawa suka rasu. Sista ta tafi Zuru bikin ƙanwarta, ta bar mini unguwa guda, ta ce in na gama in kai wa Malam Lawal, jami'in da ke tattara takardun duka asibitoci a Gwandu.

Gidan da abin ya fara shi ne na su Hajaru. Kyakkyawa ce, doguwa, mai wushirya, irin wadda in da a littafi ne sai an ɓata shafi guda a kan idanunta kawai. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ɗauko katin awon ciki kamar yadda na nema. Katin ya nuna haihuwa uku. Na ce ta faɗa mini sunayen yaran.

"Sa'adatu," in ji ta, tana nuna wata 'yar shekara biyu da ke jan zanenta. "Sai Nana, ga ta ga baya."

"Saura ɗaya," na ce. "Na farkon fa?"

Hajaru ta sunkuyar da kai. Ta ja gefen mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Na sake tambaya a hankali. Ta juya ta kalli bango, ba ta ce uffan ba.

Nan take zuciyata ta karye. Na ga abin duka kamar a majigi: amarya da angonta, cikin fari, murna, suna, sannan zazzaɓin kwana biyu, sannan shiru. Na ga mijin yana share mata hawaye. Na ce a raina ba ni ce zan fama mata wannan ciwo ba. Na kama hannunta na ɗan matsa, idona ya ciko, na rubuta: haihuwa uku, biyu a raye, ɗaya ya rasu. Ita kuwa ta bi ni da kallo har na fita, na ɗauka godiya ce take mini da ido.

Kafin in gama unguwar, sau huɗu abin ya sake faruwa. Duk matan ƙanana ne, duk da na zo kan na farko sai a sunkuyar da kai. Ranar Talata na hau kabu-kabu na kai wa Malam Lawal takardun, na dawo ina jin kaina kamar wadda ta leƙa asirin baƙin cikin duniya.

Laraba da safe Sista ta dawo aiki da ledar cincin ɗin biki. Ta zauna tana duba kwafin takarduna, tana tauna. Can sai taunar ta tsaya.

"Abu, annoba aka yi a garin nan da na tafi?"

"A'a, Sista."

"To wa ya kashe Basiru?"

"Wane Basiru?"

"Na Hajaru! Ni na yanke masa cibi. Sati biyu da suka wuce na ciro masa ƙwayar wake daga hanci, har ya cije ni, ga wurin nan bai warke ba." Ta bi sauran da yatsa, tana kiran sunayen da ni ban taɓa ji ba. "Duk 'ya'yan fari ne. Ke, Hajaru ce ta ce miki ya mutu?"

Na ce ba ta faɗa da baki ba, amma yanayinta ya nuna.

Sista ta ajiye ledar ta dafe kai. "Yau ni da na fito daga Zuru ni zan koya wa 'yar Kalgo al'adarsu? Kunyar ɗan fari ce, Abu! Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba ta sa shi cikin lissafi a gaban baƙo. Da an yaye shi kakarsa ke ɗauka. Babarki tana kiran sunan babban yayanku?"

Ba ta kira. Tun tasowata "wancan" take ce wa Yaya Aminu, ko "mai babban kan nan". Na san al'adar sarai. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne za ta biyo ni har cikin takardar aiki. Kuma gaskiya, labarin da na tsara ya fi mini daɗi, shi ya sa ban tsaya neman wani ba.

Sista ta buga wa Malam Lawal waya ta buɗe muryar yadda ni ma zan ji. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce motar da za ta kai takardu Birnin Kebbi bayan la'asar za ta tashi, kuma da ta tashi an rufe. Wanda aka rubuta ya rasu babu maganinsa a wannan damina.

"Ranka ya daɗe, a goge mana kawai," na sa baki.

"Ba a goge mutuwa ta waya, 'yata. Ki je ki ga kowane yaro da idonki, ki rubuta sunansa da gidan da yake kwana, mai unguwa ya sa hannu. Ki kawo mini kafin direba ya idar da salla."

Sista ba ta iya barin asibiti, ranar awo ce. Ta rubuta mini sunayen kakanni biyar a bayan wata ambulan, ta ce, "Yi gudu. Kuma in kin ga tsohuwa ta yi shiru, goro ne a bakinta, kada ki rubuta komai."

Sashen Inna Kulu, surukar Hajaru, yana can ƙuryar gidan, bayan rumbuna, inda ban leƙa ba ranar farko domin takardata ta iyaye mata ce. Na tarar da ita tana tsince gero. Kusa da ita wani yaro kakkaura ya hau turmin da aka kwantar, yana tuƙa shi da baki kamar babur. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na faɗi abin da na yi, don babu wata hanyar da zan kewaya.

"Mi kika ce?" Ta ajiye faifan. "Maigidan nau kika kashe? Ke da wa?"

"Ni kaɗai, Inna. A takarda ne."

"Ga takarda! To wa ka ba ni na cefane in ya tahi? Basiru, taho ka ga wadda ta maishe ni gwauruwa da rana tsaka."

Yaron ya sauko ya tsaya a gabana, ciki a gaba, yana kallon birona. Ban taɓa jin daɗin ganin majina a hancin yaro ba sai ranar.

"Ke ɗiyar nan," Inna Kulu ta ci gaba, yanzu dariya na cin ta, "ina kika taɓa ganin an tambayi uwa ɗanta na hwari? Ko alƙali ya aje ta ba ta hwaɗi. Mu aka tambaya. Mu munka san wa ya kwana da tari, wa ya ci, wa bai ci ba."

Ta ɗauki mayafi ta ce mu tafi, in ba haka ba sauran tsofaffin sai sun cinye ni ɗanya. Da ita muka bi gida uku. Kowane gida sai ta yi sallama ta ɗora da, "Ku hito da mamacinku a gani!" Kafin azahar labarin ya riga mu zagaye unguwar, mata na leƙe ta kan katanga suna dariya. Na ga yara huɗu, na taɓa kan kowannensu. Ta biyar, wata yarinya Rabi, tana wurin kakarta ta wajen uwa a Maruda. Mai unguwa ya ce ba zai sa hannu a kan yarinyar da bai gani ba, amma zai kira takwaransa na can ya jira ni.

Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni ya ji labarin tun a tasha. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Riƙe da kyau, Malama, kada ke ma a rubuta ki." A Maruda na samu Rabi a gindin wata bishiyar mangwaro tana cin ɗanye da gishiri. Aka sa hannu. Muka kama hanyar Gwandu, hadari na haɗuwa a gabas, ni kuwa ina rungume da takardu a ƙarƙashin hijabi.

Na shiga ofishin ana kiran la'asar. Malam Lawal, dattijo mai farin gemu da tabarau a kan karan hanci, ya karɓa ya duba suna bayan suna. Ya zaro tsohuwar takardata daga cikin kwali, ya ja layi a kan gurbi biyar, ya sa hannu a gefen kowanne.

"Tun da na fara aikin nan ban taɓa goge mutuwa biyar a zama ɗaya ba," in ji shi. "Zauna ki sha ruwa." Da na zauna sai ya ce, "Kin san takardar nan ba a Gwandu take tsayawa ba? Akwai mutanen da ba su taɓa jin sunan Malisa ba, amma da irin wannan suke auna ko muna ci gaba: yara nawa ke kaiwa shekara biyar, nawa ke shiga aji, mutane na kaiwa tsufa ko ba sa kaiwa. Da kin sa an ce yaranmu na mutuwa alhali suna can suna hawan turmi. Wannan ma da sauƙi. Babbar ɓarnar ita ce yaron da ba ya cikin lissafi, babu maganinsa, gobe kuma babu bencinsa a makaranta."

Direba ya leƙo yana gyara hula, aka miƙa masa kwalin.

Da maganin ya iso, bayan ruwan farko, ni aka ba unguwar. Ƙa'idar ita ce a jiƙa na ranar farko a cokali a ba yaro a gabanmu, na gobe da jibi a bar wa mai kula da shi. Basiru ya sha nasa bayan kokawa, Inna Kulu na riƙe da ƙafafu tana masa kirari. Hajaru na can bakin murhu ta ba mu baya, kamar ɗan maƙwabta ake ba magani. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Sai da na kai zaure zan fita na ji an ja mini hijabi. Ita ce. Ta leƙa ta tabbata babu kowa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Malama, na gobe da jibi da kika ba tsohuwa, tana mantuwa. Nuna mani yadda aka jiƙa shi, in riƙa tuna mata." Ta sake leƙa tsakar gida. "Kuma wancan, in anka ba shi da yunwa shina amai. A bari sai ya sha kunu."

Na nuna mata. Ta maimaita sau biyu har ta tabbata ta riƙe, ta saki hijabina ta koma bakin murhunta. A duk littattafan da na karanta babu inda na ga an so mutum haka.

To abin da na koya ke nan. Aikinmu na lissafin mutane ne, mutane kuwa suna da abin da ba sa faɗa, kuma ba kowane shiru ne kuka ba. Gobe in kun shiga gida, kada ku tsaya a ƙofar uwa. Ku tambayi yara nawa ke kwana a gidan, ku zagaya bayan rumbu ku gaida tsohuwa. Gurbin "ya rasu" kuwa, kada bironku ya taɓa shi sai wani ya faɗa muku da bakinsa, kun kuma yi masa gaisuwa ya amsa.