Gadon Ƙarfen Inna Tumba

A gidanmu na Gawon Nama, da an sauke tukunyar tuwo an ci, sai mu kewaye murhu tun garwashin bai mutu ba. Inna Tumba, mahaifiyar Babanmu, ita ke da wurin. Takan tura ɗanyar gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "To ga ta nan tahe, mai kunne shi tara." Mu biyar ne, ta shidanmu Laraba, ɗiyar Malam Yohanna mai walda, mutumin kudancin Zariya da ke haya a ɗakunan ƙofar gida. Ni da Laraba kwano ɗaya muke ci.

Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo, ko'ina a Sakkwato gini ake yi. Baba direban tarakta ne. A bazarar nan aka ba shi aikin da bai taɓa yi ba: ciyawar da ke gaban wani gidan saukar baƙi ta mutu, za a sake shuka ta kafin ruwa ya sauka, don ana sa ran manyan baƙi. Inna ta yi dariya har da tari da ta ji. "Ciyawa? A yi huɗa don ciyawa? Mu da munka ƙare ƙuruciyarmu muna tuge ta?"

Baba bai yi dariya ba. Garmar tarakta ta gona ce, tana shiga ƙasa da zurfi, ta bar kunya da manyan hoge. Ya sa haro, ƙarfen da ke farfasa hoge, ya rage masa fayafayai, duk da haka filin ya fito da kwari da tudu. Irin ciyawa kuwa ƙanana ne, ƙasa mai laushi suke so, shimfiɗaɗɗiya. Mai gidansa ya ba shi mako guda, ya ce in ba zai iya ba akwai masu jiran kujerar.

Cikin makon nan gadon Inna ya ɓace. Tsohon gadon ƙarfe ne mai ragar waya, na marigayi kakanmu, yana jingine a bayan ɗakinta shekara da shekaru. Ba ta kwana a kai, amma kullum sai ta duba shi. Ta tambayi kowa, kowa ya ce bai gani ba. Baba ya ce zai bincika, ya sa hula ya fita. Inna ta tsaya a tsakar gida tana sauraren ƙarar guduma daga wajen Malam Yohanna, wanda kwana biyu ke nan yana aiki ƙofa a rufe.

A daren nan da muka zauna bakin murhu, ba ta sa gyaɗa ba. Ta ba mu tatsuniyar wata tsohuwar kaza da ta sauki bushiya a akurkinta saboda ruwa ya kore ta daga rami. Bushiya ba ta da magana, sai ƙwaƙule-ƙwaƙule a lungu. Kaza ta ce, "Baƙuwa, mi kika yi nan?" Bushiya ta ce, "Gyara nike miki." Washegari ƙwai ɗaya babu. Kaza ta sake tambaya, aka sake ce mata gyara ne. Haka har akurki ya koma wayam, bushiya ta naɗe cikin ƙayarta, ba ta inda za a kama ta. Inna ta kalli ƙofar gida, ta ce, "Baƙon da ba ka ga hannunai ba, ƙirga kayanka." Laraba na gefena tana dariyar muryar bushiya.

Ni ce na ɓata. Da safe muka yi faɗa da Laraba a kan 'yar tsana, na ce mata, "Ai babanku ne bushiyar." Ta tsaya tana kallona, sannan ta ruga ɗakinsu. Kafin azahar mahaifiyarta ta kwashe tukwanenta daga madafin da suke haɗawa da Mama. Da la'asar Inna ta aika a gaya wa Malam Yohanna ya nemi wani wuri in wata ya ƙare. Ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ban ɗauki kayanki ba." Ta ce, "To mi kaka ƙerawa ƙofa ruhe?" Ya sunkuyar da kai, ya ce aikin wani ne, ba shi da bakin faɗa. Wannan amsa ta ƙara mata tabbaci.

Kwana uku gidan ba daɗi. A na huɗu, wata mai tallan fura ta ce wa Inna ta ga abin mamaki: Baba yana jan gado da tarakta. Inna ta yafa mayafi, ta kama hannuna, muka tafi a ƙasa cikin rana. Daga bakin wayar shingen gidan baƙin muka hango shi. An yanke ƙafafun gadon, an yi masa walda da sarƙa biyu, an jera ƙusoshi a gaba suna yakushin ƙasa, an ɗaura tubala a kai don nauyi. Ragar wayar na bi tana murƙushe hoge, filin ya kwanta sumul kamar daɓe. Wasu mutum biyu na biye suna watsa iri. Baba ya waiwayo ya gan mu, ya kashe injin. Inna ta ƙura wa gadon ido. Ta daɗe tana kallo, muka juya.

Bayan sallar magariba ta sa aka kira Malam Yohanna da iyalinsa bakin murhu, Baba ma yana nan a tsugune. Ta sake ɗauko tatsuniyar ran nan. Amma wannan karon kaza ta bi sawun ɓawon ƙwai, sawun ya wuce lungun bushiya, ya tsaya ƙarƙashin fiffikenta, inda zakaran da ta ƙyanƙyashe yake kwance. Ta juya ta ce, "Yohanna, na ci haƙƙinka. Ka yahe mini." Ya ce, "Ba komai, Inna." Baba ya fara magana, ta ɗaga masa hannu. "Kai naka daban ne. Da ka roƙa, da na hana ka, gaskiya ta. Amma kwana huɗu kana kallo."

Ciyawar ta fito, Baba ya tsira da aikinsa. Su Malam Yohanna sun kai ƙarshen damina, sannan suka koma Runjin Sambo. Sun ce ɗakin can ya fi faɗi. Laraba ba ta sake zama kusa da ni ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada a zargi baƙo. Sai da na girma, na zauna a ofis, na ga ana tuhumar wani da kuskuren da na san nawa ne, na ji bakina ya yi nauyi, sannan na gane wanda Inna ta fi jin haushinsa a ranar. Na yi shiru har aka tashi taron. Ina kan matakala na juya, na koma na ƙwanƙwasa ƙofar shugaban ofishinmu.