Wa Zai Ce Mana Dakata?

Ranar Laraba, tara ga watan nan, ana tsakiyar aikin safe a masana'antarmu ta sabulu, mai gadi ya shigo ya raɗa mini cewa ka cika. Injuna ba su tsaya ba. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Kai ne shugaban sashen kula da ma'aikata, amma kujerarka ba ta san ka sosai ba. Malam Dakata muke kiran ka, da farko a bayan idonka, daga baya har a gabanka, kana dariya. Da an busa tashi sai mu gan ka ka tokare ƙofa da kafaɗa: "Dakata. Ka ga wanda zai karɓe ka?" Dokarka ita ce kada mai tashi ya bar injinsa sai mai shigowa ya iso, sun yi musabaha, ya faɗa masa baki da baki abin da injin ya yi yau. Mun sha gunaguni, don a lokacin cikin kowa ya riga shi zuwa gida.

Na tuna sa'ad da masu kula da tukunyar tururi, na safe da na yamma, suka ɓata har suka daina gaisawa. Kowa ya ce ba ruwan kamfani. Kai kuwa ka kira su ofis, ka haɗa musu shayi, ka rufe ƙofa. Ka ce, "Wuta kuke tsaro. In ba kwa gaisawa, wa zai gargaɗi wani?" Ba su fito ba sai suna tsokanar juna. Da matar mai shara ta sha wahalar haihuwa, kai ka sauya masa lokacin aiki tun bai buɗe baki ba.

Tun da ciwo ya kwantar da kai, sabon manaja ya soke tsayuwar nan, wai ɓata lokaci ce. Yanzu masu tashi ta ƙofar baya suke fita, masu shigowa ta gaba. Sabulu ya fara fitowa ruwa-ruwa, dillalai suna dawo da kaya, kowane sashe yana ɗora wa wani laifi. Wannan duk da sauƙi.

A wurin zaman makokinka mai tukunyar safe ya matso kusa da ni. Ya ce, "Yaya, tukunyar nan wani irin tari take yi kwanan nan, allurar awon tururinta ma rawa take." Na tambaye shi ko ya gaya wa na yamma. Ya ce, "A ina zan gan shi?" Manaja kam ya sani, ya ce a bari sai ƙarshen wata. Na yamman nan kuwa yanzu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bai daɗe a wurin ba. Na same shi har gida na faɗa masa. Ya ce in ya ƙi kunna ta korarsa za a yi, ga yara. Wallahi, Malam, tsoro nake ji.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba uwargidanka da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan babban rashi. Mu kuma da ka bari, Allah ya tsare mu, ya dawo mini da ƙanena gida da ƙafafunsa. Yau ma ya tafi aiki.