Dutsen Taimamar Malam Hambali

Malam Hambali mutumin Durun ne a ƙasar Kabo. A can aka haife shi, a can ya yi karatun allo, kuma da ƙuruciyarsa ya tafi Kano ya sami aiki a wata masaƙa, a sashen rini. Yana wannan aiki ya auri Ikilima, 'yar Madadi ta ƙasar Gwarzo, suka kama ɗaki a birni. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, wanda mutane suka riƙa kira ostariti, masaƙar ta rage ma'aikata, sunansa kuwa yana cikin na farko. Ya ɗauko iyalinsa da kekensa da rediyonsa ya komo gida. Da damina ya noma dawa da masara, da rani ya ɗaura akwatin zare da allura da maɓalli a bayan keke ya bi kasuwannin Kabo da Gwarzo. Da wannan ya ciyar da gidansa, da shi kuma ya ɗauki nauyin karatun babban ɗansa, Hadi, har yaron ya sami gurbin ƙaro ilimi a wata jami'a a birnin Alƙahira na ƙasar Masar.

Hadi ɗan fari ne, saboda haka iyayensa suna jin kunyarsa kamar yadda aka saba a ƙasarmu. Malam Hambali bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce “wannan yaron”, Ikilima kuwa “shi” kawai take cewa, kowa ya gane. Ba sa doguwar hira da shi, ba sa kai masa kukansu. Idan akwai abin da ake so ya sani, ƙaninsa ake gaya wa ya isar.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Malam Hambali yana cikin waɗanda suka yi murna. A majalisarsu ta gindin darbejiya babu maganar da ta fi yawa kamar ta haddin sata. Wani tsoho da ya taɓa zama a ƙasashen Larabawa ya sha tabbatar musu cewa a can ba a jan shari'a: a kama mutum da safe, kafin azahar an raba shi da hannunsa. Babu wanda ya tambayi tsohon wace ƙasa yake nufi. Malam Hambali ya ɗauka duk inda ake Larabci haka abin yake, ya ajiye maganar a ransa.

Bayan 'yan shekaru yanar ido ta rufe masa gani, har ya daina gane kalar zaren da yake sayarwa. Hadi ya aiko cewa a taho da shi Masar a yi masa aiki, Inna ma ta zo ta ga gari. Dangi suka taimaka, aka sayar da bijimi, aka yi fasfo. Aikin ya yi kyau, amma likita ya rufe ido ɗaya da bandeji, ya ba shi baƙin tabarau, ya kuma ja masa kunne kada ruwa ya taɓa fuskarsa sai ya ba shi izini.

Nan wahalar ta fara. Wanda aka hana wa ruwa taimama yake yi, wato ya buga tafin hannu a ƙasa ko a dutse ya shafi fuska da hannuwa a madadin alwala. A Durun kusan kowane tsoho yana da ɗan dutsensa mai sulɓi a gefen shimfiɗa, na Malam Hambali kuwa an manta shi a gida. Masaukin Hadi a saman bene yake, ƙasa darduma, bango fenti. Hadi ya ce bangon ya isa, tsohon ya buga, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Da ya ɗan sami sauƙi, Hadi ya ɗauki hayar mota ya kai su wani kufai da ake kira Saƙƙara, inda akwai dala mai hawa-hawa da kaburburan mutanen Fir'auna. Ikilima ta sha kallo, tana ta kwatanta dalar da ta gyada da mahaifinta yake ba su labari. Malam Hambali bai ga komai sosai ba sai haske da inuwa. Ya gaji ya zauna a gindin wani rusasshen bango, ɗan da uwar suka ƙarasa gaba. Yana zaune ya ji wani abu a ƙarƙashin takalminsa. Ya laluba ya ciro ɗan dutse mai faɗin tafin hannu, fuska ɗaya sumul, ɗayar da kaushi. Ya ji daɗi ƙwarai. A wurinsa dutsen da ke yashe a fili na Allah ne, kowa ya tsinta ya yi amfani da shi. Ya kakkaɓe shi ya jefa a aljihun babbar riga, kuma da shi ya yi ta taimama a kwanakin da suka biyo baya, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ranar da aka cire bandejin, ya ga duniya tangaran. Hadi ya ce tunda ido ya buɗe, kuma jibi za su koma gida, sai su wuce babban gidan adana kayan tarihi. A ƙofa aka binciki jakar Ikilima, maza kuwa suka bi ta wata 'yar ƙofar ƙarfe mai ƙara idan mutum yana ɗauke da ƙarfe. Ba ta yi ƙara ba.

Ciki cike yake da gumaka da akwatunan gawa, ga Turawa da Larabawa suna kai da komo. Hadi yana gaba yana bayani. A wani zaure suka tsaya gaban akwatin gilashi da aka jera gutsattsarin duwatsu a ciki, kowanne da zanen tsuntsu ko ido ko maciji. Ikilima ta tambaya dalilin da za a kulle fasassun duwatsu kamar zinariya. Hadi ya ce ai sun fi zinariya, rubutun mutanen dā ne, kuma dokar ƙasar ta yi tsanani a kansu. Ko ɗan guntu aka kama mutum da shi, daga kufai ya ɗauko ko daga nan, ɓarawo ne, sai kurkuku na shekaru. Ya ƙara da cewa idan baƙo ne, wanda ya kawo shi ma yana iya rasa zamansa.

Hannun Malam Hambali yana cikin aljihu a lokacin. Yatsunsa suka bi fuskar nan mai kaushi, suka ji layi a tsaye, layi a kwance, da wani abu mai lanƙwasa. Ya ja da baya zuwa bayan wani ginshiƙi, ya ɗan buɗe bakin aljihun ya leƙa da sabon idonsa. Tsuntsu ne, da baki da ƙafafu, ƙarƙashinsa kuma igiya-igiya kamar ruwa.

Ya yi maza ya rufe aljihun. Abin da ya fara zuwa masa shi ne cewa yana tsakiyar gidan da ake tsaron irin wannan dutse, kuma babu wanda ya ga ya shigo da shi. Idan aka laluba shi a hanyar fita, wa zai yarda ba daga ɗaya daga cikin akwatunan nan ya zaro shi ba? Ya dubi hannunsa na dama. Ya dubi Hadi, wanda saura shekara biyu ya gama karatun da aka sha wahalar rani da damina a kansa.

Ya yi tunanin ya sake shi a ƙasa ya wuce. Amma kowane zaure da ɗan sandansa, ga kuma na'urar ɗaukar hoto a kowace kusurwa tana kallon mutane. Ya nemi banɗaki, ya tarar da wani ma'aikaci a tsaye a ciki yana miƙa wa mutane takardar goge hannu, ya fito bai yi komai ba. Rigar ta yi masa nauyi ta gefe ɗaya, har ya riƙa jin kowa yana ganin yadda ta rinjaya. Wani ɗan sanda ya yi masa murmushi ya yi sallama, shi kuwa ya kau da kai ya wuce.

Ikilima ce ta lura. Ta dawo ta same shi jingine da bango.

“Malam, ko gawarwakin ne suka firgita ka? Kai da kake shiga maƙabartar Durun kamar gonarka.”

Ya gaya mata a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa. Ta yi salati a hankali, ta ce ya ba ta ta ɗaure a bakin zane, ai ba a laluben mata. Ya tuna mata cewa a ƙofa mace ce ta zazzage mata jaka. Sai ta ce, “To sai a gaya masa.”

“Ke za ki gaya masa.”

“Ni? Yaushe na taɓa tsayawa na yi masa magana irin wannan? Kai ka tsinci dutsenka.”

Babu ƙanin da za a aika. Suka tsaya cirko-cirko, mutane suna wuce su, har Hadi ya juyo neman su yana cewa lokacin rufewa ya kusa, su nufi ƙofa. Daga inda suke ana hango ƙofar, ana hango 'yan sanda biyu sun tsayar da wani Bature suna buɗe jakarsa. Malam Hambali ya yi taku kaɗan, ya tsaya.

“Hadi,” in ji shi.

Saurayin ya tsaya cak, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Tsohon ya kama hannunsa ya tura cikin aljihun. Hadi ya taɓa, ya leƙa, fuskarsa ta canza. Ya tambaya daga ina, aka gaya masa. Ya daɗe yana kallon ƙofa.

“Baba, idan muka bi ta can suka same shi, mun zama ɓarayi. Idan muka kai musu da hannunmu, watakila su saurare mu. Watakila kuma ba za su saurara ba.”

“Ka ce ba ka san ni ba. Ka ce a hanya ka haɗu da ni.”

“Sunanka ne a fasfona, Baba.”

Hadi ya je ya yi wa wani ɗan sanda magana. Aka shigar da su wani ɗan ofis mara taga a ƙarƙashin bene, aka karɓi fasfo ɗinsu da katin makarantar Hadi, aka ɗora dutsen a kan farar takarda. Wani jami'i mai furfura ya zo da gilashin ƙara girma ya duƙufa a kansa, sannan ya ɗauki waya. Larabcinsu ba irin na allo ba ne, Malam Hambali bai tsinci komai ba sai kalma ɗaya da ya sani daga Suratu Yusufa, wadda ke nufin kurkuku, kuma sun faɗe ta fiye da sau ɗaya. Ya cusa hannunsa na dama a hammata ya matse. Ikilima tana gefe tana jan carbi.

Aka yi ta tambayar Hadi, yana amsawa, ana sake tambaya. Ya nuna takardar asibiti, ya nuna idon. Jami'in ya ce a tambayi tsohon wa ya aike shi, kuma wa zai sayar wa. Da aka fassara masa, Malam Hambali ya dubi dutsen. Sai ya miƙe, ya matsa gaban teburin, ya yi bisimilla, ya ɗora tafukansa a kan dutsen, ya shafi fuskarsa, ya sake ɗorawa ya shafi hannuwansa har gwiwar hannu. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya yi yunƙurin hana shi, jami'in ya ɗaga masa hannu.

Jami'in, wanda shi ma akwai tabon sujada a goshinsa, ya juya dutsen ya dubi fuskar mai sulɓi, wadda ta yi duhu da maiƙon hannu. Ya yi wata gajeriyar magana, ya ci gaba da rubutu. Aka sa Hadi ya kwatanta bangon da aka tsinci dutsen a gindinsa, aka sa shi ya sa hannu, tsohon ya dangwala yatsa. Aka mayar musu da fasfo. Katin makarantar kuwa sai da aka kwafe shi, aka ce idan an gama bincike ana iya neman Hadi.

Sun hau jirgi a ranar da aka tsara, babu wanda ya tsayar da su. Amma Hadi yana can, kuma maganar ana iya neman sa ta biyo Malam Hambali har Durun. Mutane suka yi ta zuwa barka da ido, Ikilima tana ba da labarin dala da kogin Nilu, shi kuwa ya ce an gode Allah kawai. Ya daina zama a gindin darbejiya. Duk ranar kasuwar Gwarzo sai ya rufe akwatinsa da wuri ya je wurin masu wayar haya, ya sa a kira Masar, ya ji muryar yaron ya tabbatar a ɗakinsa yake, sannan ya ce a gaishe da mutane ya ajiye. Idan baƙuwar mota ta shigo gari, sai ya tashi tsaye yana jiran ya ga ƙofar da za ta tsaya.

Haka ya zauna har damina ta biyu ta wuce. Ba a taɓa neman Hadi ba. Wata ranar Talata bayan la'asar, ana cikin girbin dawa, motar haya ta tsaya a ƙofar gidan, Hadi ya fito da akwatunansa da takardar shaidar gama karatu. Malam Hambali ya taso daga gona da lauje a hannu. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya leƙa cikin motar ya ga babu kowa sai direba. Sannan ya juya ya ce wa ƙanin, ya gaya wa wannan yaron ya shiga ciki ya gai da uwarsa.