Na je Wudil neman Sale Walƙiya

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar Unguwa Uku, ni da wani abokina mai gyaran rediyo. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, motar cike da fatake. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma duk da haka aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Gwiwata ta dama, wadda ƙwallo ta lalata tun ina saurayi, ita ta sha matsar har muka sauka.

Ga abin da ya fito da ni. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san sunan Sale Walƙiya, ɗan ƙwallon zamanin iyayenmu, lokacin da ake bugawa ba takalmi. Ni ban taɓa ganinsa ba. A bakin babana na ji shi, kuma saboda shi na bar makaranta na bi fili. A majalisarmu an rabu biyu. Wasu sun ce da ya daina wasa Turawa suka ɗauke shi Ingila, can ya tsufa cikin daula. Wasu sun ce aljanun da suka ara masa ƙafa ne suka karɓi abinsu, ya haukace, yana kwana a ƙarƙashin gadar Wudil. Ni ɗan ɓangaren Ingila ne, har faɗa na sha yi a kai. Ina so a ce ƙwallo ta taɓa yi wa wani mutum ɗaya rana, don in san gwiwa ce ta cuce ni, ba wauta ba. Da wani mahauci ya ce mini dangin matar Sale suna wajen Wudil, sai na ce zan je in gani da idona.

Bayan Mariri gonaki suka buɗe, dawa ta yi kai, an fara girbin gero. Titin ba laifi, sai dai manyan motocin yashi da ba sa ganin kowa da gashi. Da muka hau gadar na leƙa ƙasa. Masunta na gani da masu haƙar yashi, sai mata masu wanki can gefe. Abokina ya ce ko in sauka in duba mahaukacin, na ce ya rufe mini baki.

Muka karya da soyayyen kifi da gurasa a bakin hanya. Kifin ya yi daɗi, amma tsadarsa kamar daga Legas aka kawo shi, alhali ga kogin nan muna kallo. Daga nan muka shiga kara, inda ake cinikin shanu. Duk dillalin da na tambaya Sale Walƙiya ɗan ƙwallo sai ya dube ni kamar na sha wani abu. Sai wani tsoho da ke kan tabarma ya ce, "Ko Sale ɗan Kano kake nufi, mai kora? Wannan ai shanu ya kora mana har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu. Ku je Indabo ku nemi ƙanin matarsa."

Mai kora. Wato wanda ake ba shanu ya bi su a ƙasa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Muka hau acaɓa, hanya duk kwari da taɓon ƙarshen damina.

Ƙanin matar tsoho ne, ido ɗaya ya yi yana. Muka daɗe muna gaisawa, ya sa aka kawo mana fura, kana ya ba mu labari ba ado. Sale ya zo garin a ɗan ƙodago, ƙwallo ta gama da shi ba ta bar masa ko keke ba. Ya ga yayarsu yana so. Mahaifinsu ya bincika, aka ce masa mutumin nan ɗan tamaula ne, yana tsalle da gajeren wando a gaban jama'a. A wancan zamanin wannan da ɗan iska duk ɗaya ne a wurinsu. Mahaifin nasu ya ce ba zai ba shi 'ya ba sai ya dafa Alƙur'ani cewa shi da tamaula har abada, ba bugawa, ba zancenta. Sale ya dafa.

"Kuma ya riƙe," in ji ƙanin matar. "In ƙwallon yara ta gangaro gabansa a hanya, ratse mata yake yi kamar maciji. In aka sa wasa a rediyo sai ya ɗau butarsa ya fita. 'Ya'yansa ma sai bayan ransa suka sani."

Na ce, "Baba, Ingila fa?"

Ya yi dariya har da tari. "Ɗan nan, mutumin da ko Kaduna bai je ba? Hauka kuwa, lafiyarsa ƙalau, a sahun gaba yake salla. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi, ya jima a ɗaki."

Na roƙa a kai ni kabarinsa. Muka taka har maƙabarta. Tsohon ya zaga, ya nuna wani tudu, ya ce a'a, ya nuna wani. Ba ma rubuta suna, kun sani, icen da aka kafa kuwa gara ta cinye, ruwan sama ya baje sauran. Muka ɗaga hannu muka yi wa duk na kwance addu'a.

Za mu hau acaɓa tsohon ya riƙo hannun rigata, ya rage murya. "Tsakani da Allah, ya iya abin nan kuwa? Mu dai ba mu taɓa gani ba."

Na ce, "Ya iya, Baba." Ni ma ban gani ba. A nan hawaye ya ci ƙarfina, ƙato da ni, a gaban 'yan acaɓa.

Mun iso Kano bayan la'asar. Da na je majalisa na faɗi abin da na gano, ba wanda ya ji daɗi. Masu Ingila suka ce wani Salen ne daban, masu aljanu suka ce dangi ne ke rufa asiri. Ban yi musu da kowa ba, na gaji.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗi. Mu da muke ihun sunansa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa hawa mota ya je ya gaishe shi yana da rai, ga Wudil nan kusa. Ni kuma na daina ɗora wa gwiwa laifi. Sale da gwiwoyinsa biyu ya bar fili, shanu ya kora da su. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.