Kwalayen Idi da ba a buɗe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina bakin por, tashar jiragen ruwa, a Kotonu ina jiran lodi, matar Idi ta kira ni. Masunta ne suka tsamo shi ƙasa da gadar Gaya.

Idi mai facin taya, abokina tun muna yara. Tun da na bar gida, duk Juma'a sai ya kai wa tsohuwata kifi.

Shekara da shekaru yana fama da ciwon damuwa. Likita ya ɗora shi kan magani, ya ce kada ya kuskura ya yanke da kansa. Ni nake saye a farmasi a nan, in ba direbobin kamyo, manyan motocin kaya, su kai Gaya. Ko da aka rufe gada, a kwalekwale ake tsallaka da shi.

Yayansa Hamidu ke karɓa. Duk wata in kira, ya ce, “Ya iso, yana sha.”

Ashe tun bayan damina bai ba shi ba. Ya ce masa na daina aikowa. Yau ana fitar da tabarmin zaman makoki daga mangazar Hamidu, ɗakin ajiyar kayansa, aka ga kwalayen maganin a bayan buhunan shinkafa, ko buɗewa ba a yi ba.

Hujjar Hamidu, wai mutane na cewa Idi ɗan ƙwaya ne, kamar masu tramol. Wai ai ya warke.

Yaya Hamidu, ba zan ce ba ka son shi ba. Kai ka goya shi har likita lokacin da ya daina ci ya daina magana. Amma warkewar da ka gani, maganin ne. Bakin mutane ka ji tsoro, ka yi mini ƙarya, ka yi masa ƙarya da sunana.

Rabona da shi Sallar layya. Ya haɗiye ƙwayarsa da shayi yana dariya, ya ce, “Mai hawan jini ma kullum yake sha, wa ya zage shi? Kai dai kada ka gaji da ni.”

Na ga ya daina ɗaga kirana, na ɗauka aiki ne.

Ya tafi yana zaton na gaji.

Allah Ya gafarta maka Idi, Ya ba ka hutun da ka rasa a nan. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini, don har yanzu na kasa kiran Hamidu in yi masa gaisuwa.